Batirin Motar Lantarki: Yadda Ake Sarrafa Shi Da Kula Da Shi

Batirin motar lantarki ba irin batirin motar fetur bane da ake ɗagowa da hannu biyu a kai wa mai caji. Tarin ƙananan ƙwayoyin batir ne na litiyam, ɗaruruwa ko dubbai, da aka jera aka haɗa su da juna aka rufe cikin wani faffaɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin motar, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Nauyinsa a yawancin motoci yana kaiwa kilo 300 zuwa 600, kuma shine abu mafi tsada a jikin motar gaba ɗaya. Ana auna girmansa da kWh, wato dai irin yunit ɗin da muke siya a mitar kati ta gida, yunit ɗaya kWh ɗaya ne, saboda haka in kaji ance mota tana da batir mai 60 kWh to kusan yunit 60 take sha kafin ta cika daga ƙasa, da ɗan ƙarin abinda ke ɓacewa a zafi lokacin caji.

Asalinsa da yadda ake jera shi

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, mutane ukun da aikinsu ya haifar da shi kuwa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sai a 2019 suka samu kyautar Nobel. Motar Tesla ta farko, Roadster ta 2008, ƙwayoyi 6,831 aka zuba mata irin waɗanda ke cikin batirin laftof, Nissan Leaf ta 2010 kuma manyan ƙwayoyi 192 ne kacal. Kowace ƙwaya ƙarfinta bai kai bolt 4 ba in tana tsaka-tsaki, sai an jera kusan 96 kai da gindi sannan ake samun wajen bolt 400 da yawancin motoci ke aiki da shi, wasu irin su Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5 har 800 suke kaiwa. Duk wayar da ke ɗauke da wannan wutar ana mata launin ruwan lemo, kuma wallahi tana kisa.

Iri biyu ne suka fi yawa yanzu. Akwai NMC mai nikel da manganis da kobalt, yana ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin waje amma ya fi tsada kuma ya fi jin zafi. Akwai LFP mai ƙarfe da fosfet, ya fi nauyi, tafiyarsa bata kai ta wancan nisa ba, amma ya fi araha da juriya kuma kama wutarsa ta fi wuya. Yawancin motocin lantarki na China yanzu LFP ne, misali batirin Blade da BYD ta fito da shi a 2020.

Na'urar da ke gadinsa

Cikin akwatin akwai wata ƙaramar kwamfuta da masu sana'ar ke kira BMS, ita ce madugun tafiyar. Dare da rana tana auna ƙarfin wutar kowane layin ƙwayoyi, da zafin wurare daban-daban a cikin akwatin, da yawan wutar da ke shiga da wadda ke fita. Ƙwayar NMC ba a so ta wuce bolt 4.2, ta LFP kuma 3.65, sannan akwai iyakar ƙasa da in aka wuce ta ƙwayar lalacewa take. Da zarar wata ta kusa iyaka sai BMS ta rage wutar, in abin ya ƙi ta kashe manyan makunnan da ke haɗa batirin da sauran motar ta yanke komai.

Aikinta da mutane basu cika sani ba shine daidaita ƙwayoyi. Ɗauki kurar mai ruwa da jarkoki goma, a ce dokar ita ce da jarka ɗaya ta cika dole a kashe famfo, da ɗaya ta ƙare kuma dole a daina siyarwa. Kaga kenan jarkar da tafi ƙanƙanta ita ke yanke wa sauran hukunci. Haka batirin yake, ƙwaya ɗaya mai rauni tana iya rage wa motar gaba ɗaya nisan tafiya alhali sauran lafiyarsu ƙalau. To BMS ɗin sai ta riƙa zuƙe ɗan kaɗan daga waɗanda suka riga cika tana ƙonar da shi a matsayin zafi, don na baya su kamo su. Wasu masu tsada ma ɗiban wutar suke daga mai yawa su zuba wa mai kaɗan.

Kason cajin da kake gani a allon mota ma ƙiyasin BMS ne, don babu wani gejin da ake tsomawa a ciki kamar tankin mai. Lissafin abinda ya shiga da wanda ya fita take yi tana gyara lissafin da ƙarfin wutar ƙwayoyin. Kuma kamfanoni suna ɓoye wani ɗan kaso a sama da ƙasa wanda direba baya iya taɓawa, don kare batirin.

Zafi

Nan ne ya kamata mutanenmu su fi maida hankali, saboda mafi yawan shawarwarin da ke yawo a intanet mutanen ƙasashen ƙanƙara ne suka rubuta su, damuwarsu sanyi ne, don in aka yi cajin litiyam a ƙasa da digiri 0 yana daskarewa a jikin ƙwayar ya lalata ta. Mu bamu da wannan matsalar, ko sanyin hunturun Jos da ake ta labari baya kai batir can, iyakaci da sassafe cajin gaggawa ya ɗan yi nawa. Abinda ke cin batir a wajenmu zafi ne. Batirin ya fi son digiri 15 zuwa 35, a Abuja kuwa watan Maris da Afrilu rana kan kai digiri 37 ko fiye, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, ga shi batirin a ƙasa yake dab da ita.

Batir yana tsufa ta hanya biyu, ta yawan caji da sauke caji, da kuma ta wucewar kwanaki ko da motar tana ajiye ba a taɓa ta. Wannan na biyun zafi da cikar batir ne ke hanzarta shi. Wani siririn ɓawo ne ke ta kauri a cikin ƙwayar yana cinye litiyam ɗin da ya kamata yayi aiki, kuma abinda ya ci baya dawowa. Mota cike 100 bisa 100 an barta a rana a filin fakin na sakatariya tun safe har la'asar, kullum, wannan shine mafi munin haɗi.

An ga misalin haka a Amurka. Nissan Leaf ta farko bata da ruwan sanyaya batir, iska kawai ta dogara da ita, a 2012 masu ita a garin Phoenix na jihar Arizona mai tsananin zafi suka yi ta ƙorafin batirinsu ya ragu sosai cikin shekara ɗaya ko biyu, har kamfanin ya ƙaro garanti akan raguwar ƙarfin batir. Motocin yanzu mafi yawansu suna da bututun ruwan sanyaya da ke bi ta ƙarƙashin ƙwayoyin, haɗe da tsarin AC na motar. Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a Nuwamba 2020, aka kuma nuna ta a Abuja farkon 2021 lokacin Jelani Aliyu yana shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tana cikin masu irin wannan tsarin. A ganina duk mai son siyan motar lantarki a ƙasar nan tambayarsa ta farko kenan, batirin da ruwa ake sanyaya shi ko da iska, tun kafin a zo maganar kala da kujerun fata. In kaji fanka na ƙara bayan ka kashe mota ko tana caji kada ka tsorata, batirin take sanyayawa.

Caji

Mai NMC ya saita motarsa ta tsaya a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, sai ranar doguwar tafiya ya cika ta, kuma ya cika ta dab da tashi ba tun shekaranjiya ba. Mai LFP kuma ana so ya kai ta 100 lokaci-lokaci, Tesla ma tace aƙalla sau ɗaya a sati, dalili kuwa ƙarfin wutar LFP kusan baya motsi tsakanin kashi 20 da 90, to BMS tana ruɗewa in bata ga ƙarshen sama ba ta gyara lissafinta. Duka biyun ba a so a riƙa kai su sifili, balle a barsu a haka. Wanda zai tafi aikin Hajji ko wata tafiya ta wata guda ya barta a wajen kashi 50 cikin inuwa.

Cajin gida a hankali ya fi wa batir sauƙi akan na gaggawa, musamman da rana tsaka bayan doguwar tafiya batirin na huci. Cajar bango mai kilowat 7 tana cika batir mai 60 kWh cikin kamar awa 9, soket na gida kuwa ya fi kwana guda, kuma nan ne ake samun matsala, ba a batirin ba, a wayarin gidan. Soket mai araha da siririyar waya in suka ɗauki wuta awa goma ba hutu narkewa suke. A sa ƙwararren mai wayarin ya ja layi na musamman da birekansa da wayar ƙasa mai kyau, cajoji da yawa ma basa yarda su fara aiki in babu ita. Ɗauke wuta ana cikin caji baya cutar da batirin, amma hawa da saukar ƙarfin wuta na iya ƙona cajar da ke cikin motar, don haka na'urar kariya ba asarar kuɗi bace. Ƙaramin janareta baya iyawa. Sai kuma bakin caja, na motocin kasuwar China daban ne, GB/T ake ce masa, na Turai CCS, tsohuwar Leaf CHAdeMO.

Akwai wani abu da ya shafi masu bin hanyar Jos zuwa Abuja. Motar lantarki in ka ɗaga ƙafa daga totur injin ne ke riƙe ta yana maida wutar cikin batir. Jos tana sama da mita 1,200, Abuja bata kai rabin haka ba, saboda haka gangaren Hawan Kibo caji ne kyauta, amma fa in batirin na da wurin zubawa. In ya kusa cika BMS tana rage wannan riƙon ko ta hana shi sam, nauyin motar duk ya koma kan birki. A hanyar komawa kuma hawan yana cin wuta fiye da yadda allo ya faɗa maka a Akwanga.

Ruwa, gobara da gyara

Akwatin a toshe yake, ruwan sama da wanki basa masa komai, amma motar da ambaliya ta shanye ko wadda ƙasanta ya daki dutse ko tudun rage gudu da ƙarfi dole a duba ta, kuma a ajiye ta nesa da gida kafin nan. In ƙwaya ɗaya ta tsage ta yi zafin da ya wuce kima tana kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba, irin wannan wutar tana shan ruwa mai yawan gaske kuma tana iya sake tashi bayan awanni. Ba kasafai ake samun haka ba, wani lokacin kuma laifin daga masana'anta ne, kamar yadda General Motors ta janye duka motocin Chevrolet Bolt a 2021 saboda aibi a wasu ƙwayoyi.

Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, da alƙawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 na ƙarfinsa ba, sai dai tokumbo sau da yawa garantin baya biyo ta. Mai siye ya sa a jona na'urar bincike a karanta lafiyar batirin da bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi, kada ya tsaya ga kilomitar da allo ke nunawa. A Leaf akwai sanduna 12 a gefen allo, ta farko tana ɓacewa in ƙarfin ya sauka zuwa wajen kashi 85. Makanikan unguwar Apo ta Abuja da masu riwaya suna da basira sosai, birki da taya da ƙafar mota duk aikinsu ne, amma dabarar nan ta tsallake fis ko sensa da guntuwar waya don fitilar gargaɗi ta mutu, a nan rai ake sawa a haɗari. Buɗe akwatin sai wanda ya koyi aikin, da safar hannu ta musamman, bayan ya zare makunnin tsaro.

Motar tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, shi ke tada kwamfutocin ya kunna makunnan babban batirin. In ya mutu motar ko motsi ba zata yi ba ko da babban yana cike, kuma da yawan abinda ake ɗauka babbar lalacewa ce daga wannan ƙaramin ne, shi kuwa ana samun irinsa a kasuwar Apo.