Kuɗin da ke asusunka ba shi ake yi wa haraji ba, amma tarar dokar tana da zafi

Gwaggona tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida, matan unguwa su ɗauka bashi su riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Kwanan baya ta kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce: "Ɗan nan, wai da gaske ne duk kuɗin da ya shiga akawun ɗin mutum sai gwamnati ta yanki kashi 20?" Ashe ta riga ta aiki jikanta wajen mai POS ya kwaso mata naira 300,000 da ke ciki, ta biya ladan cirewa, ta ƙulle su a leda ta cusa cikin adaka. Na ce: "Gwaggo, wa ya gaya miki?" Ta ce muryar wani bawan Allah aka turo a WhatsApp, kuma har rantsuwa ya yi.

Rantsuwar dai ya yi, amma doka ba ta faɗi haka ba. Ban ga laifin Gwaggo ba. Kalmar haraji tana da tabo a ƙasar Hausa. Akwai dattawan da har yau suke tuna yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin ƙasa, da yadda Fulani ke tsallaka daji da shanu don gudun jangali, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sababbin dokokin harajin da ake magana a kansu guda huɗu ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. Ɗaya ta tattara dokokin harajin wuri guda, ɗaya ta tsara yadda za a karɓa, ɗaya ta mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, zuwa NRS, ta huɗun ta kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi. Sun shafi ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu da kamfani. Ɗalibi, da matar da mijinta ke turo mata cefane, da tsohon da 'ya'ya ke ciyarwa, ba su da abin biya.

Abin da ake yi wa haraji shi ne samu, wato albashi ko ribar kasuwanci ko kuɗin hayar da ka karɓa. Kuɗin da ya ratsa ta asusunka ba lalle ne ya zama samu ba. Idan ƙaninka ya turo maka gudummawar biki, ko aka ba ka rance, ko aka maido maka da bashin da kake bi, ko uwar adashi ta tara zubin mata a asusunta, babu ko ɗaya da ya zama riba. Gado ma, da aka yi ta wa'azi a kansa lokacin da ƙudirorin ke gaban majalisa, babu harajinsa a dokar. Shi ya sa abin da mutane suka tsira na rubuta "kyauta daga ɗan'uwa" a duk turin kuɗi yake ba ni dariya. Rubutun ba ya mayar da ciniki kyauta, rashinsa kuma ba ya mayar da kyauta ciniki.

A cikin samun ma, naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kowane mataki da kasonsa, ba a ɗaukar kaso mafi girma a ɗora wa dukan kuɗin. A ce malamin makaranta yana karɓar naira 150,000 a wata, miliyan 1.8 ke nan a shekara. A ce an cire masa 144,000 na fansho. Yana biyan hayar 400,000, doka ta yafe masa kashi 20 na hayar, wato 80,000, rangwamen da ba ya wuce 500,000 ko nawa ne hayar. Saura 1,576,000. A zare 800,000, ragowar 776,000 su za a yi wa kashi 15. Ya kama 116,400 a shekara, 9,700 a wata. Mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa an yafe masa.

To ina aka samo zancen yanka a banki? Wurare uku ne, kuma kowanne da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa jita-jitar ta yi ƙafa.

Na farko, naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye. Ta daɗe, babban abin da ya canja shi ne a da mai karɓa ake cirewa, yanzu mai turawa. Na biyu, an wajabta wa bankuna su riƙa kai wa hukuma rahoton asusun da ke juya manyan kuɗi, kuma ko an ɗauki adadi mafi ƙanƙanta da aka ambata, naira miliyan 25 ne a wata ga mutum ɗaya. Rahoto ne, ba cire kuɗi ba. Gwaggo da lefen amare biyu a wata ba ta ko kusa.

Na ukun shi ne mai nauyi. Hukumar haraji tana da ikon umartar banki ya biya ta daga asusun wanda take bi bashin haraji. Ikon ba sabo ba ne, yana cikin dokar FIRS ta 2007. Amma ba da daddare ake yi ba. Sai an aiko maka da takardar ƙiyasin abin da ake bin ka, kana da kwana 30 ka rubuta cewa ba ka yarda ba, in ba a daidaita ba ka tafi kotun ɗaukaka ƙarar haraji, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Wanda ya karɓi takardar ya jefa ta ƙarƙashin kanta ya ce Allah ya isa, shi ne ƙiyasin zai tabbata a kansa, domin shiru a nan amincewa ne. An kuma kafa ofishin sauraren koken masu biyan haraji, ga wanda jami'i ya zalunta.

Abin da ya kamata a ji tsoro, wanda masu muryar WhatsApp ba su cika faɗa ba, shi ne tara. Duk mai samu dole ya yi rajista ya mallaki lambar haraji. An sauƙaƙa wannan, tunda hukuma ta ce lambar NIN ita ce ta mutum, lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kuma ta kamfani. Wanda ya ƙi rajista, tararsa naira 50,000 a watan farko, sannan 25,000 duk watan da ya biyo. Wanda bai miƙa bayanin samunsa na shekara ba, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne, 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Kuma ga ɗaiɗaikun mutane hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ake miƙa wa, ba Abuja ba.

A auna da mai sayar da hatsi a Dawanau. A ce miliyan 20 sun ratsa ta asusunsa a shekara, amma bayan an cire uwar kuɗi da kuɗin mota da dako da hayar sito, ribarsa miliyan 1.5 ce. Harajinsa kashi 15 na 700,000, naira 105,000. Idan ya yi biris da miƙa bayani har wata 12, tarar kaɗai ta kai 650,000, ninki shida na harajin da ɗoriya. Wannan tara ɗaya ce ga shi da attajirin da ke shigo da kwantena. Shi attajirin yana da akanta da lauya, ba zai ma makara ba. Mai hatsin da lissafinsa ke cikin kai da bayan kwalin sabulu shi abin zai hau. Ni dai ban ga adalci a tarar da ba ta duba girman mai laifi ba.

Akwai kuma wani rami a gabansa. In ba shi da rubutu, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, kuma mai ƙiyasi miliyan 20 ɗin zai gani a takardar banki, ba miliyan 1.5 ba. Don haka littafin naira 500 da biro sun fi ledar cikin adaka amfani. A rubuta abin da aka sayo da abin da aka sayar, a adana rasit, a raba asusun kasuwa da na cefane. Kwashe kuɗi daga banki ba ya goge wajibcin, sai dai ya ƙara wa ɓarawo da gobara sauƙin aiki.

Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, yana nan a kashi 7.5, majalisa ta ƙi ƙarin da aka nema, kuma abinci na yau da kullum da magani da littattafan makaranta ba a ɗora musu. Ƙarin kashi 5 a kan man fetur yana cikin dokar, amma ba ya fara aiki sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a rubuce.

Duk wannan bayani na abin da ake bin talaka ne, an rubuta shi dalla-dalla, har da kwana da wata. Abin da talaka ke bin gwamnati ne bai samu irin wannan alƙalamin ba. A watan Disambar 2025 ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce dokar harajin da aka buga a gazet, wato mujallar gwamnati da ake wallafa dokoki, ta saɓa da abin da suka zartar. Majalisa ta kafa kwamiti, aka ba da umarnin sake bugawa. Dokar da ke cin mutum tarar 100,000 don ya makara wata ɗaya, ita da kanta sai da aka yi gardamar wane kwafi ne na gaske. Ba a haka ake sa mutane su saki jiki ba.

Rabon ma haka. Kuɗin VAT yanzu kashi 55 na jihohi ne, 35 na ƙananan hukumomi, 10 na tarayya. A kason jihohi, rabi ana raba shi daidai-wa-daida, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a. An kai nan ne bayan turjiyar da gwamnonin Arewa suka yi a taronsu na Kaduna a Oktoban 2024. Amma yawan jama'ar wanne? Rabon da a ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, ƙidayar 2023 kuma an ɗage ta. Jaririn da aka haifa a shekarar ƙidayar nan yau ya isa biyan haraji, ana raba kuɗi da hasashe. Can kuma a wajen kashewa, kusan duk gwamnan da ya hau sai ya yi tantancewa ya sanar da gano ma'aikatan bogi, ba kasafai ake jin sunan wanda ke karɓar albashinsu ba, balle a gan shi gaban alƙali. Malamin nan mai 9,700 tun kafin alat ya shigo an cire nasa. Yana da hakkin ya je sakatariya ya tambayi ma'aikata nawa jiharsa ke biya, kuma nawa ta tara bara.

Gwaggo dai na yi mata lissafi a waya. Ribarta ta shekara ba ta kai 800,000 ba, don haka ko sisi ba ta da shi, illa ta riƙa rubuta cinikinta, in lokacin miƙa bayani ya yi in raka ta. Ta yi shiru, sannan ta ce: "To ɗan nan, ladan da na ba mai POS fa, wa zai biya ni?" Kuɗin sun koma banki bayan kwana huɗu, ban da 20,000 da ta ce a bar mata a adakar saboda halin rayuwa.