Baƙin biro da koren littafi: tambayoyi da amsoshi kan kayan rubutun sojan Amurka

Idan ana zancen kayan soja, hankali kan tafi wajen bindiga da kaki da takalmi. Amma a barikokin Amurka akwai wasu abubuwa biyu da kusan kowane soja ya taɓa riƙewa, tun daga kurtu har janar: wani baƙin biro da aka rubuta wa "SKILCRAFT U.S. GOVERNMENT" da fararen haruffa, da wani littafi mai koren bango. Ga amsar wasu tambayoyi da mutum kan yi idan ya ji labarinsu.

Wai har biro ma sai gwamnati ta tsara wa soja?

Ƙwarai kuwa. Duk abin da ke shiga siton soja a Amurka yana da lamba mai alƙaluma 13, ko injin jirgin yaƙi ne ko kwalin fensir. Lambar koren littafin nan ita ce 7530-00-222-3521. Huɗun farko suna nuna jinsin kayan: 7530 na takardu da littattafan rajista ne, biro kuma yana ƙarƙashin 7520. Biyun da ke biye suna nuna ƙasar da ta fara yi wa kayan rajista, 00 da 01 na Amurka ne, 99 na Birtaniya, domin ƙasashen ƙungiyar NATO duk tsari ɗaya suke bi. Saje mai kula da sito ba ya rubuta "a kawo mana koren littafi guda hamsin". Lamba yake sawa, kuma abin da zai iso masa a Jamus shi ne zai iso wa takwaransa a Japan.

Wannan ba ya nufin an hana soja sayen nasa. Da yawa suna sayen biron da ya fi musu daɗin hannu a kantin bariki. Na gwamnati dai shi ne wanda ba ya yankewa, kuma ba ka cire ko sisi.

Me ya bambanta shi da biron da muke saye a kanti?

A ido, babu. Baƙar roba ce, da zoben ƙarfe a tsakiya, da maɗauki na maƙalawa a aljihu, da ɗan kan da ake dannawa bakin ya fito. Bambancin yana cikin sharuɗɗan da hukumar sayen kayan gwamnatin tarayya, GSA, ta gindaya, waɗanda suka ci shafi 16. Daga ciki, dole ya ja layin da ya kai mil ɗaya, wato wajen kilomita 1.6, kafin tawadarsa ta ƙare. Dole kuma ya yi aiki a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, da zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Selshiyas. Wanda ya taɓa barin biro a gaban mota a watan Afrilu ya dawo ya tarar tawada ta tsiyaye ya san amfanin sharaɗi na biyun.

Gaskiya ba biro ne mai santsi ba. Sai ka ɗan danna kafin ya ba ka baƙi sosai. Amma a zamanin da ake cike fom mai kwafi uku ko huɗu da takardar kabon a tsakani, wannan dannawar ita ake so.

Su wa ke ƙera shi?

Makafi. Nan ne labarin ya fi daɗi.

A 1938 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar Wagner-O'Day, wadda ta wajabta wa ma'aikatun gwamnatin tarayya sayen wasu kayayyaki daga masana'antun da makafi ke aiki. Da tsintsiya da abin goge daɓe aka fara. A shekarar aka kafa ƙungiyar National Industries for the Blind don ta riƙa raba aikin tsakanin masana'antun, a 1952 kuma aka ƙirƙiro tambarin Skilcraft don a gane kayansu. Biron ya shigo ne daga baya. A ƙarshen shekarun 1960 wani ɗan kwangila ya kawo wa gwamnati miliyoyin biro marasa kyau, sai GSA ta tsaurara sharuɗɗa ta miƙa aikin ga makafi, suka fara a 1968. A 1971 Sanata Jacob Javits ya jagoranci faɗaɗa dokar ta haɗa da masu sauran nau'o'in naƙasa mai tsanani, ta kuma haɗa da ayyuka irin su shara da wanki, ba kaya kaɗai ba. Tun 2006 ake kiran shirin AbilityOne.

Ana harhaɗa biron a wurare irin su Greensboro a jihar North Carolina da Milwaukee a jihar Wisconsin. Aiki ne da yatsu suka fi ido sani: a zura bututun tawada, a sa siririyar wayar da ke mayar da baki ciki, a ɗaura zobe, a murɗa gangar jiki biyu su haɗu, a danna a ji ƙarar "ƙyas". Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na sa'o'in aikin hannu makafi ko naƙasassu ne za su yi su.

Abin lura, ba sadaka gwamnati ta bayar ba. Biro dai dole ta saya, sai ta zaɓi wanda za ta saya a hannunsa, ta kuma ce in bai cika sharaɗi ba ba ta karɓa. Mu da muka saba ganin makaho da ɗan jagora a bakin titi, muna yawan ɗauka maganar tallafa masa sai an ware wani sabon kuɗi. Alhali alli da tsintsiya da fayil ɗin da kowace ma'aikata ke saye duk shekara sun isa su riƙe masana'anta.

To ba a ci da guminsu kuwa?

An sha wannan suka, kuma ba a banza ba. Wani sashe na dokar ƙwadagon Amurka ta 1938 ya ba da damar biyan naƙasasshe ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kuma wasu masana'antun sun daɗe suna fakewa da shi. Sai a 2022 hukumar AbilityOne ta haramta hakan a kwangilolinta. Akwai kuma masu cewa tara naƙasassu a masana'anta tasu ta daban wariya ce, gara a buɗe musu ƙofar aiki tare da kowa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai mutumin da albashin nan ke biya masa kuɗin haya ba lalle ya so a rufe wurin kafin ɗaya ƙofar ta buɗe ba.

Shi kuma koren littafin me ake rubutawa a ciki?

Komai. Bangonsa mai ƙarfi ne, an lulluɓe shi da koren yadi, faɗinsa wajen inci 5 tsawonsa inci 8, daidai aljihun gefen wandon kaki. Ɗinke yake, don haka idan aka yage shafi sai an gane. Shi ya sa ake amfani da irinsa a matsayin rajistar gadi: ƙarfe nawa aka karɓi aiki, wa ya shiga, wa ya fita, makullai nawa aka miƙa. Irin wannan rajista tana iya zama shaida a kotun soja, saboda haka tana da ladubba. Da tawada ake rubutawa, yawanci baƙa, ba fensir ba. Idan aka yi kuskure ba a gogewa, ba a kuma cuccurewa. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, mai gyaran ya sa haruffan sunansa a gefe.

A hannun saje ko laftanar kuwa, littafin ƙwaƙwalwarsa ce ta biyu. Sunayen yaransa, lambar bindigar kowa, wanda matarsa ta kusa haihuwa, wanda ya faɗi gwajin gudu, umarnin da kyaftin ya bayar da safe. Ƙaramin hafsan da ya shiga taron manya hannu rabbana, ba littafi ba biro, ya san zai sha harara ko abin da ya fi harara. A wurinsu, in ba ka rubuta ba, ba ka da niyyar aikatawa. Saboda haka ne ma kakin da sojan ƙasa suka fara sawa a wajen 2005 ya zo da aljihun biro a hannun riga na hagu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, inda rigar sulke ba za ta rufe shi ba.

Idan ruwan sama ya sauka fa?

Sai koren littafi ya zama dame-dame. A daji wani daban ake riƙewa, mafi shahara shi ne Rite in the Rain, mai takarda da aka shafe da wani sinadarin da ruwa ke zamewa a kai. Ba don soja aka fara yin ta ba. Wani mai suna Jerry Darling ne ya ƙirƙiro ta a 1916 a Tacoma, jihar Washington, saboda masu saran katako da ke aiki cikin ruwan da ba ya ɗaukewa. Na soja takardunsa kore ne ko ruwan ƙasa, don farar takarda tana ɗaukar ido daga nesa.

Sai dai tana da zaɓe. Duk tawadar da aka haɗa da ruwa ba ta kama ta, taruwa take ta zame. Fensir ne abokinta, ko biro mai tawadar da aka matse da iska. A kan taswira kuma, wadda ake rufe ta da leda, maka, wato alƙalami mai bakin soso, mai siririn baki ake amfani da ita: shuɗi na namu, ja na abokan gaba. Ma'aikacin jinya shi ma ba ya rabuwa da baƙar maka, domin idan ya ɗaure wa wanda aka harba ƙafa don tsai da jini, dole ya rubuta lokacin a jikin maɗaurin. Likitan da zai karɓe shi da wannan lokacin zai yi lissafin ko ƙafar za ta tsira.

Ga waya ga kwamfuta, me ya sa har yanzu ake fama da takarda?

Takarda ba ta neman caji, kuma ba ta gaya wa kowa inda kake. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin soja a Afganistan da Siriya, saboda sojoji na gudun safe da agogo da waya masu nuna wuri. A watan Agustan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana kunna irin wannan a yankunan da sojojinta ke aikin yaƙi. A daren shiga 2023 an kai hari kan wani ginin da sojojin Rasha ke kwana a Makiivka, gabashin Ukraine. Rasha ta amsa cewa mutum 89 sun mutu, ta kuma ɗora laifin a kan sojojin da suka kunna wayoyinsu, ko da yake wasu 'yan ƙasar sun ce hafsoshi ne ke neman wanke kansu.

Akwai kuma dalili na yau da kullum. Mai kiran jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauki wanda ya ji rauni yana da bayanai tara da zai karanto a rediyo bi da bi, farawa da lambobin wurin. Cikin ruɗani ba a dogara da ka. Rubutawa ake yi tukuna, sannan a danna rediyo.

Ita takardar ba ta tona asiri?

Tana yi, in ta faɗa hannun da bai dace ba. Ranar 13 ga Satumban 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Arewa suka tsinci wata takarda a ciyawa kusa da garin Frederick a jihar Maryland, an naɗe sigari uku da ita. Ashe umarnin Janar Robert Lee ne, kwamandan sojojin Kudu da suke yaƙa, mai nuna yadda ya rarraba rundunarsa. Kwana huɗu bayan nan aka gwabza a Antietam, Lee ya janye. Don haka ake hana rubuta bayanan sirri a littafin aljihu, shafin da aikinsa ya ƙare kuma a ƙone shi ko a niƙe.

Kafin biro da me soja ke rubutu?

Fensir, musamman wani mai rini a ciki wanda ba ya goguwa, idan ya jiƙe rubutunsa ya koma ruwan malmo. A yaƙin duniya na ɗaya hafsan Birtaniya yana ɗauke da littafin saƙo da ake kira Army Book 153, mai takardu masu gida-gida da kabon a tsakani. Ya rubuta, ya yage na sama ya ba ɗan aike ya ruga da shi, kwafin ya zauna a hannunsa.

Biro kansa sama ce ta fara karɓarsa. Alƙalami mai shan tawada yakan yi yoyo idan jirgi ya yi nisa sama, saboda ƙarfin iska ya ragu. László Bíró, ɗan jarida daga Hungary wanda ya yi hijira zuwa Ajantina, ya ƙera alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki da tawada mai kauri, sojojin saman Birtaniya suka saya wa ma'aikatan jiragensu a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ana cewa ana iya huda maƙogwaron majiyyaci da biron gwamnati don ya samu numfashi. Haka ne?

Wannan hirar bariki ce da ta daɗe tana yawo, fina-finai kuma suka ƙara mata gishiri. Ma'aikatan jinyar soja suna da kayan da aka yi musamman don wannan aiki, kuma ba abin da wanda bai koya ba zai gwada ba ne. 'Yar'uwarta ita ce tatsuniyar cewa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kashe miliyoyi wajen ƙera biron sararin samaniya, Rashawa kuwa suka ɗauki fensir abinsu. Paul Fisher da kuɗin kamfaninsa ya ƙera biron, NASA saye kawai ta yi, aka fara tafiya da shi a jirgin Apollo 7 a 1968. Fensir matsala ne a can, domin ɓarɓashin bakinsa yana shawagi ya shiga ido ko na'ura. A 1969 Tarayyar Sobiyet ma ta yi odar biron Fisher ɗin ga nata 'yan sama jannatin.