The Hitchhiker's Guide to the Galaxy (fim na 2005)

The Hitchhiker's Guide to the Galaxy fim ne na barkwanci da almarar kimiyya wanda aka fara nunawa a gidajen sinima na Birtaniya ranar 28 ga Afrilu, 2005, a Amurka kuma washegari. Garth Jennings ne ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko, yayin da kamfanin Touchstone Pictures, wanda reshe ne na Disney, da kamfanin Spyglass Entertainment suka ɗauki nauyinsa. An gina shi a kan littafin marubucin Ingila Douglas Adams mai wannan suna, wanda ya fito a 1979. Adams ɗin ne ya fara rubuta labarin fim ɗin da hannunsa, amma ya rasu shekara uku kafin a fara ɗauka. Tsawon fim ɗin minti 109 ne. Bai yi kasuwar da za ta sa a shirya masa kashi na biyu ba, sai dai ya shiga sahun finafinan da wani rukuni na masoya masu naci ke riƙe da su, suna maimaita kallo, suna kuma musu a kansu.

Asalin labarin

Ko da yake an fi danganta fim ɗin da littafi, a rediyo labarin ya fara fitowa. Tashar BBC Radio 4 ta watsa kashi na farko na wasan kwaikwayon ranar 8 ga Maris, 1978, da daddare, kuma zangon farko kashi shida ne. Simon Brett ne ya shirya kashin gwaji, Geoffrey Perkins ya karɓi sauran, sannan John Lloyd ya taya Adams rubuta kashi biyu na ƙarshe saboda aiki ya yi masa yawa a lokacin. Adams yakan ce tunanin ya zo masa ne a 1971, yana kwance a wani fili a garin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, babu kuɗi a aljihunsa, yana riƙe da littafin jagorar matafiya masu neman a rage musu hanya a Turai, ya ɗaga kai ya kalli taurari ya ce ya kamata a rubuta irinsa don sararin samaniya. Daga baya shi da kansa ya nuna cewa yawan maimaita wannan labari ya sa abin da yake tunawa shi ne yadda yake ba da shi, ba abin da ya faru ba, don haka masu rubuta tarihinsa suna kawo shi da taka-tsantsan.

Kamfanin Pan Books ya buga littafin a watan Oktoba na 1979, wanda ya ƙunshi abin da ke cikin kashi huɗu na farko na wasan rediyon, kuma nan da nan ya hau saman jerin littattafan da aka fi saye a Birtaniya. Wasu huɗu suka biyo baya, a 1980 da 1982 da 1984 da 1992, kuma cikin raha aka ci gaba da kiran jerin da sunan littattafai uku ko da suka kai biyar. BBC ta mayar da labarin wasan talabijin mai kashi shida a 1981, kamfanin Infocom kuma ya fitar da wasan kwamfuta na rubutu zalla a 1984, wanda Adams ya tsara tare da Steve Meretzky. Abin lura shi ne babu biyu daga cikin waɗannan siffofi da suka zo daidai da juna, domin duk lokacin da Adams ya sake ɗaukar labarin sai ya sauya jerin abubuwan da suka faru, ya ƙara wasu, ya zubar da wasu. Wannan ɗabi'a tasa ita ce babbar hujjar da masu kare fim ɗin suka riƙe daga baya.

Doguwar jira a Hollywood

Fiye da shekara 20 aka kwashe ana ƙoƙarin mayar da littafin fim. A farkon shekarun 1980 kamfanin Columbia ya shiga maganar tare da furodusa Ivan Reitman, har Adams ya tare a Los Angeles na wani lokaci yana rubuta labarin, amma ra'ayinsu bai zo ɗaya ba, Reitman ya juya ga fim ɗin Ghostbusters wanda ya fito a 1984, aikin kuma ya kwanta. Bayan wasu shekaru Adams ya sa kuɗinsa ya fanso haƙƙin mallakar labarin. Matsalar da kowane mai rubutu ya ci karo da ita ɗaya ce: daɗin littafin ba ya cikin jerin abubuwan da suka faru, yana cikin muryar mai ba da labari, wanda yakan bar jaruman a tsakiyar haɗari ya karkata ga bayanin amfanin tawul ko tarihin wata halitta, alhali kamfanonin Hollywood suna son labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, da jarumin da ke neman wani abu har ya same shi.

Nasarar da fim ɗin Men in Black ya samu a 1997 ta nuna wa masu zuba jari cewa barkwancin sararin samaniya yana kawo kuɗi, kuma a ƙarshen wannan shekara ko farkon 1998 aka ƙulla yarjejeniya da Disney, aka sa Jay Roach, wanda ya yi fim ɗin Austin Powers, a matsayin mai ba da umarni. Adams ya kwashe iyalinsa ya koma yankin Santa Barbara a Kaliforniya a 1999 domin ya kasance kusa da aikin. Duk da haka abin bai motsa ba. Ya taɓa kwatanta yadda ake shirya fim a Hollywood da ƙoƙarin gasa nama ta hanyar sa mutane su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna hura masa numfashi. Ranar 11 ga Mayu, 2001, ya rasu sakamakon bugun zuciya a Montecito, yana da shekara 49.

Bayan rasuwarsa ne aikin ya farfaɗo, bisa nacin abokin kasuwancinsa Robbie Stamp da amincewar iyalinsa. Aka ɗauko Karey Kirkpatrick, marubucin fim ɗin Chicken Run, ya gyara rubutun ƙarshe da Adams ya bari tare da duba takardunsa. Roach ya koma sahun furodusoshi, aka tuntuɓi Spike Jonze, shi kuma ya ƙi karɓa amma ya ba da shawarar Garth Jennings da abokin aikinsa Nick Goldsmith, waɗanda aka sani da sunan Hammer & Tongs, masu shirya bidiyon waƙoƙi daga ofishinsu da ke cikin wani jirgin ruwa a Landan. An fara ɗauka a watan Afrilu na 2004, akasari a situdiyon Elstree.

Labarin fim ɗin

Arthur Dent, wani Bature ɗan Ingila marar hayaniya, ya farka da safe ya tarar da katafila a ƙofar gidansa, an zo rushe shi domin a shimfiɗa hanyar zagayen gari. Yana kwance a gaban katafilar sai abokinsa Ford Prefect ya janye shi zuwa mashaya, ya shaida masa cewa shi ba ɗan wannan duniya ba ne, ma'aikacin wani littafin jagorar matafiya sararin samaniya ne, kuma saura 'yan mintoci a rushe duniyar baki ɗaya. Dalilin rushewar bai bambanta da na gidan Arthur ba: jinsin Vogon, ma'aikatan gwamnatin taurari, za su fitar da babbar hanya, kuma sun ce takardun aikin sun shekara 50 a kafe a ofishinsu da ke yankin tauraron Alpha Centauri ba wanda ya zo ya yi ƙorafi.

Su biyun suka tsira ta hanyar laɓewa a kumbon Vogon, aka kama su, aka azabtar da su da karatun waƙa, aka jefa su sarari, sai wani kumbo mai suna Heart of Gold ya tsince su. Shugaban taurari Zaphod Beeblebrox ne ya sato kumbon, tare da shi kuma akwai Trillian, wata mata da Arthur ya taɓa haɗuwa da ita a wurin biki, da Marvin, mutum-mutumi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa. Zaphod yana neman duniyar Magrathea ne saboda wani tsohon labari: wata kwamfuta mai suna Deep Thought ta shafe shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafin amsar babbar tambaya game da rayuwa da sararin samaniya da komai, ta ce amsar ita ce 42, sannan ta bayyana cewa masu tambayar ba su san ainihin tambayar ba. Domin gano tambayar aka ƙera wata kwamfuta mafi girma, wato duniyarmu, wadda ɓeraye suka ba da kwangilarta, aka kuma rushe ta saura minti biyar ta kammala aikin shekara miliyan goma. A Magrathea Arthur ya haɗu da Slartibartfast, maƙerin duniyoyi mai alfahari da lambar yabon da ya samu kan zana gaɓar tekun Norway, wanda ya zagaya da shi ya nuna masa sabuwar duniyar da ake haɗawa a madadin ta farko.

'Yan wasa

Martin Freeman ya fito a matsayin Arthur, kuma kusan duk fim ɗin yana sanye da rigar barci. Mos Def ne Ford, Sam Rockwell ne Zaphod, Zooey Deschanel ce Trillian, Bill Nighy kuma Slartibartfast. Warwick Davis ne a cikin rigar Marvin, Alan Rickman ya ba shi murya. Helen Mirren ce muryar Deep Thought, Stephen Fry, wanda abokin Adams ne, shi ne muryar littafin jagora. Simon Jones, wanda ya yi Arthur a rediyo da talabijin, ya ɗan fito a matsayin hoton gargaɗi na Magrathea.

Tsari da ƙira

Jennings ya fifita abin da za a iya taɓawa da hannu a kan zanen kwamfuta. Kamfanin Jim Henson's Creature Shop ne ya ƙera halittun Vogon, manya-manya masu ƙusumbi da leɓe a zube, mutane na ciki suna motsa jiki, wasu na waje suna sarrafa fuska. A duniyar Vogon aka yi wasu daga cikin fitowar da aka fi yabawa. Jaruman suna tafiya a fili sai wasu faifai su fito daga ƙasa su mari fuskar duk wanda wani tunani ya zo masa, abin da ke nuni da dalilin da ya sa hancin Vogon ya baje kuma ba sa tunanin kansu. Da suka isa ofis domin ceto Trillian, wadda Vogon suka kama, daga hukuncin kisa, ba faɗa ya cece ta ba: layi suka bi, suka cike fom, aka mayar da su saboda ba shi ne fom ɗin da ya dace ba. A cikin masu jira a wannan layi har da mutum-mutumin Marvin na wasan talabijin na 1981. Rukunin masu zane na Shynola ne ya yi hotunan da ke rakiyar bayanan littafin jagora, Joby Talbot kuma ya tsara kiɗa, ciki har da waƙar buɗewa da dabbobin dolfin ke rerawa suna ban kwana da duniya.

Bambanci da littafin

An ƙara abubuwa da dama da babu su a littafin. Akwai Humma Kavula, shugaban wani addini da John Malkovich ya fito a matsayinsa, da bindigar da ke sa wanda aka harba ya ga al'amura yadda mai harbin yake ganinsu, wadda Marvin ya juya kan rundunar Vogon a ƙarshe duk suka zube cikin baƙin ciki. Masu shirya fim ɗin sun ce waɗannan ƙare-ƙare daga rubutun Adams suka fito. An kuma faɗaɗa soyayyar Arthur da Trillian ta zama ginshiƙin labarin, Zaphod kuma, wanda kai biyu gare shi, aka ɓoye kansa na biyu a ƙarƙashin haɓarsa maimakon a kafaɗa. A ɗaya ɓangaren an datse zantuka masu yawa, kuma a wasu wurare an bar farkon raha an yanke ƙarshenta, kamar dogon bayanin Arthur kan inda hukuma ta ɓoye sanarwar rushe gidansa.

Karɓuwa

An kashe kimanin dala miliyan 45 zuwa 50 wajen shirya fim ɗin, ya kuma tara sama da dala miliyan 100 a faɗin duniya. Ya zo na ɗaya a Amurka a makon farko da kusan dala miliyan 21, daga nan ciniki ya yi ƙasa da sauri. Ra'ayin masu sharhi ya rabu. An yaba ƙira da muryoyin Fry da Rickman da fitowar Nighy, an soki soyayyar da kuma gaggawar labarin. Mai sharhin finafinai Roger Ebert ya ba shi tauraro biyu cikin huɗu, M. J. Simpson, ɗaya daga cikin marubuta tarihin Adams, ya yi masa kakkausar suka tun kafin ya fito. Har yanzu masoya littafin ba su daidaita a kansa ba.

Bayan fitowa

Fim ɗin ya ƙare da jaruman sun nufi gidan abincin da ke ƙarshen sararin samaniya, wato inda littafi na biyu ya dosa, amma ba a shirya ci gaban ba, kuma Freeman ya ce a 2007 rashin isasshen ciniki ne dalili. Jennings ya yi Son of Rambow a 2007, sannan fim ɗin zane na Sing a 2016. Ranar 25 ga Mayu ta kowace shekara, tun daga 2001, masoya Adams suna fita da tawul, wanda littafin ya yi bayanin amfaninsa, domin tunawa da shi, kuma wasu gidajen sinima sukan sake nuna fim ɗin a wannan rana.