Tsunduma cikin ruwan ƙanƙara

Tsunduma cikin ruwan ƙanƙara wata al'ada ce ta mutanen ƙasashen sanyi, inda mutum zai tuɓe daga shi sai ɗan kamfai ko kayan wanka, ya faɗa teku ko tafki ko kogi a tsakiyar hunturu, wani sa'in ma sai an fasa ƙanƙarar da ta daskare a saman ruwan da gatari ko zarto kafin a samu ramin shiga. Yawanci ba iyo ake yi ba, shiga ce kawai a fito, daƙiƙa talatin zuwa minti biyu. Wasu don gwajin jarumta suke yi, wasu addini, wasu kuma tara kuɗin taimako.

Tarihi

Ba a san takamaimai lokacin da abin ya fara ba, amma a Finlan da Rasha ya daɗe yana tafe da wankan tururi, mutum ya fito daga ɗakin sauna jiki na hayaƙi ya zarce ramin ƙanƙara, ramin da 'yan Finlan ke kira avanto. A Rasha akwai kuma na ranar 19 ga Janairu, ranar da Kiristocin Otodoks ke tuna baftismar Yesu, ana yanka ramin da siffar gicciye mutum ya nitse sau uku. Limamansu da dama dai na cewa al'adar gari ce, coci bai wajabta ba.

Kulob-kulob ɗin zamani kuwa sun taso ne daga rabin ƙarshe na ƙarni na 19. A Landan masu ninƙaya a tafkin Serpentine suna tseren safiyar Kirsimeti tun 1864. A New York wani mai tallan motsa jiki, Bernarr Macfadden, ya kafa Coney Island Polar Bear Club a 1903, sunan an aro shi ne daga farar dabbar nan ta yankin ƙanƙara, kuma har yau suna shiga tekun Atlantika kowace Lahadi daga Nuwamba zuwa Afrilu. 'Yan L Street Brownies na Boston su ma suna iƙirarin daɗewa, galibi ana cewa shigarsu ta sabuwar shekara ta soma wajajen 1904, kodayake akwai masu kai asalinsu baya da haka sosai. A Vancouver ta Kanada wani ɗan asalin Girka, Peter Pantages, ya ja abokansa kamar goma suka faɗa English Bay ranar 1 ga Janairun 1920, yanzu dubbai ke zuwa. Na Holan ya fara a Zandvoort a 1960, amma bakin tekun Scheveningen ne ya ƙwace suna, can ne za ka ga mutum wajen dubu goma da hula ruwan lemo a ka sun ruga cikin teku lokaci guda suna ihu, kafin ka ce kwabo rabinsu sun juyo a guje suna neman tawul.

Akwai waɗanda suka wuce shiga-ka-fita. Lynne Cox ta ratsa mashigin Bering a 1987 daga tsibirin Amurka zuwa na Tarayyar Sobiyet cikin awa biyu da 'yan mintoci. Lewis Pugh ya yi kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya a 2007, ruwan na ƙasa da digiri sifili a ma'aunin Celsius, abin da ya hana shi daskarewa gishiri ne kawai. A 2009 Ram Barkai na Afirka ta Kudu ya kafa ƙungiyar ninƙayar ƙanƙara ta duniya, ƙa'idarsu mil ɗaya a ruwan da bai wuce digiri 5 ba, ba rigar robar nan mai tare sanyi.

Abin da ke faruwa a jiki

Mutane na ɗauka sanyin ne ke kisa a hankali, alhali haɗarin farko yana cikin minti ɗaya zuwa uku ne. Fata na taɓa ruwan sai mutum ya ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, idan kai na ƙarƙashin ruwa a lokacin to ya shaƙa ke nan, daga nan sai haki, zuciya ta hau bugawa, jini ya hau. Shi ya sa masu ciwon zuciya ba a so su gwada, kuma tsofaffin hannu ke cewa a shiga da tafiya, kar a yi tsalle. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska, bayan wasu mintoci hannu da ƙafa su ƙage, ko igiya aka miƙo kamawa ta gagara. Zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, matakin da sanyi ya zama haɗari, kuwa yakan ɗauki wajen rabin awa ga babban mutum. Bayan an fito ma jiki na ci gaba da yin sanyi, can bayan minti goma sai ka ga mutum ya gama sa kaya amma kofin shayi na rawa a hannunsa yana zuba. Binciken Mike Tipton na jami'ar Portsmouth ya nuna shiga biyar ko shida na gajeren lokaci na rage firgitar farkon nan da kusan rabi.

Batun amfani

Masu yi na cewa yana wartsake su, yana rage damuwa, wai har mura ba ta kama su. Masu bincike na cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

A yau

A Amurka ana yawan yinsa don tara wa Special Olympics kuɗi, ƙungiyar wasannin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kamar na Sandy Point a jihar Maryland. A Harbin ta ƙasar Sin kuma akwai masu shiga kogin Songhua duk hunturu.