Shin alheri ya soke doka a wurin Kirista?

An daɗe ana faɗa a majalisun hira a Katsina cewa Kirista ba su da doka, wai tunda alherin Allah ke cetonsu, kowa ya yi son ransa. Ba haka koyarwarsu take ba.

A wurinsu bin doka ba ya sayen ceto, ceto kyautar Allah ce. Amma wanda ya karɓa, sai an gani a halinsa: ya bar sata, zina da shaidar zur. A cikin Littafi Mai Tsarki, wato littafin Kirista, wasiƙar Romawa 6:1-2 ta hana ci gaba da zunubi da hujjar alheri, wasiƙar Yakubu 2:26 kuma ta kira bangaskiya marar ayyuka matacciya.

Akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa, a buɗe a duba, ko a tambayi maƙwabci Kirista. Don Allah a tura wa 'yan uwa.