Ɗaure manhaja a kan wasu kor na firosesa, wai da gaske yana ƙara gudu?

Masu buga gem a kwamfuta da masu yanka bidiyo sun fi kowa yin waɗannan tambayoyin, sai ka ga wani ya kalli bidiyo ɗaya a YouTube an ce masa akwai ɓoyayyen saiti da zai mayar da tsohuwar laptop ɗinsa jirgin sama. Toh ga yadda abin yake.

Me ake nufi da ɗaure manhaja a kan kor?

Firosesar yanzu a cikinta akwai ƙananan ma'aikata da yawa, su ne kor, wata tana da 4, wata 8, wata 16. Windows ko Linux kuma suna da wani sashe da ba ya komai sai rabon aiki, duk bayan 'yan milisakan zai duba wa ke jiran layi ya ɗora shi kan kor ɗin da ba ya komai, kamar ɗan kamasho a tasha mai cusa fasinja a duk motar da ya ga gurbi. Manhaja ɗaya tana iya tsalle daga wannan kor zuwa wancan sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya kai ba ka ma sani ba. Ɗaurewar ita ce ka ce wa mai rabon aikin wannan manhajar kar ka kai ta ko'ina sai kor 0 da kor 1.

To hakan zai sa ta ƙara gudu kenan?

Mafi yawan lokuta a'a, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ai ba ƙara mata komai ka yi ba, rage mata fili ka yi. Da tana da kor takwas da za ta wala a kai yanzu ka bar mata biyu, in manhajar mai raba aikinta gida-gida ce irin masu fitar da bidiyo, wlh sai dai ka zauna jira. Abu na biyu wanda ba a cika faɗa ba, ɗaure ta a kor 2 ba ya nufin kor 2 ya zama nata ita kaɗai, Chrome da antibairos da sauran tarkace duk suna nan suna hawa kansa yadda suka ga dama, sai in su ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka kore su.

Akwai dai ɗan amfani na gaske. Kowane kor yana da 'yar ma'ajiyarsa ta kusa mai tsananin sauri inda yake ajiye bayanan da yake ta'ammali da su a lokacin, idan aka ɗauke aiki zuwa wani kor sai an sake ciko ta daga farko. Amma shi mai rabon aikin ya san da wannan, da ma yana ƙoƙarin mayar da aiki inda ya baro.

Ya ake yi a Windows?

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Details, ka nemo sunan manhajar ka danna mata maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Set affinity. Wani ɗan akwati zai fito da jerin CPU 0, CPU 1, CPU 2 har ƙasa, duk da alamar maki a gefensu, sai ka cire wa waɗanda ba ka so.

A kula da abu ɗaya a wannan akwatin. Laptop mai kor 4 za ka iya ganin ta jero maka har 8, saboda fasahar nan ta Intel mai suna Hyper-Threading wadda ke nuna kor ɗaya kamar biyu ne. A Windows yawanci CPU 0 da CPU 1 kor ɗaya ne a zahiri, 2 da 3 ma haka, kaga kenan wanda ya zaɓi 0 da 1 yana murnar ya ba gem ɗinsa kor biyu, guda ɗaya ya ba shi. In biyu kake so na gaskiya zaɓi 0 da 2.

Kuma da ka rufe manhajar saitin ya tafi, gobe sai ka sake. In ba ka son wannan wahalar buɗe ta daga cmd, baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, da `start /affinity F` sannan sunan manhajar. Wannan F ɗin lamba ce a lissafin heksa, tana nufin CPU 0 zuwa 3. 1 na nufin CPU 0 kaɗai, 3 na nufin 0 da 1, 5 na nufin 0 da 2, FF kuma takwas na farko. Akwai kuma Process Lasso na kamfanin Bitsum mai riƙe saitin ya dinga sa shi da kansa.

Linux fa?

Can ma ya fi sauƙi, tun shekarar 2002 aka sa wannan damar a zuciyar Linux. `taskset -c 0-3` sai sunan manhajar, shikenan. Wadda ta riga ta tashi kuma `taskset -cp 2,3` sai lambar da tsarin ya ba ta, wato PID. Sai dai jerin lambobin ba lallai ya zo ɗaya da na Windows ba, buga `lscpu -e` tukun ka ga waɗanne ne tagwaye.

To in ba ya ƙara gudu me ya sa ake ta maganarsa?

Saboda akwai wuraren da yake magani sosai. Na farko tsofaffin gem da aka rubuta lokacin da kowace kwamfutar gida kor ɗaya gare ta, irin su Thief na 1998 da System Shock 2 na 1999, asalin fitowarsu an san su da sandarewa a kan firosesa mai kor da yawa, maganin da aka daɗe ana yi shi ne a ɗaure su a kor ɗaya.

Na biyu kuma shi ya dawo da zancen sabo, yanzu kor ɗin ba duka suke daidai ba. A 2021 Intel ta fitar da zubi na 12, Alder Lake, inda ta haɗa manyan kor masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta. Ɗauki Core i5-12600K, manya 6 ƙanana 4, a Task Manager za ka ga 16, daga 0 zuwa 11 manyan ne, 12 zuwa 15 ƙananan. Windows 11 ta fi iya rabon aiki a kansu don tana karɓar shawara daga Thread Director da ke cikin firosesar, a Windows 10 kuwa akan samu aiki mai nauyi ya faɗa kan ƙananan musamman in ba shi ne a gaban allo ba. A farkon fitowarsu ma wasu gem masu kariyar hana satar gem ta Denuvo ƙin tashi suka yi don kariyar ta ɗauka kwamfuta biyu ce daban, sai da aka gyara.

AMD ma ta zo da nata a 2023, Ryzen 9 7950X3D, kor 16 a rukuni biyu amma rukuni ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da ƙarin ma'ajiyar kusa mai sauri da gem ke so, har sai an dogara da Xbox Game Bar na Windows ya gane cewa gem ne ake bugawa kafin a tura shi can. In bai gane ba mutane sukan ɗaure da hannu, kuma a nan kam da hujjarsu.

Ni wanda na fi ganin amfaninsa ga talaka shi ne akasin abin da ake nema, wato ka takura wa mai cin wuri. Kana matse bidiyo da HandBrake ya cinye komai har linzami na sheshsheƙa, ka bar masa rabin kor, zai ɗan jima amma kai ka samu ka ci gaba da aikinka. 

Mac da waya fa?

macOS ba ta ba ka wannan akwatin zaɓin, manhaja ce ke faɗin muhimmancin aikinta tsarin ya yanke inda za a kai shi. Wayoyin Android kuwa sun daɗe da manya da ƙananan kor, tun da ARM ta sanar da big.LITTLE a 2011, amma su ke juya abinsu, ba ka da hannu sai ka yi wa wayar rut, wato ka buɗe tsarinta ka samu cikakken iko.

Zai iya lalata min kwamfuta?

A'a, iyakarsa manhajar ta yi nauyi ko sauti ya dinga yankewa, ka rufe ka buɗe komai ya dawo. Kar dai ka taɓa ayyukan Windows kanta irin su svchost, wasu gem masu tsaron magudi ma za su hana ka su ce Access denied. In kuma laptop ɗinka 'yar gwanjo ce mai kor biyu da ram 4GB da tsohon hard disk mai juyawa, kar ka ɓata lokaci a nan, sa mata SSD ka ƙara ram ka kuma busa ƙurar da ta toshe fankar.