Ƙungiyar ISKO

ISKO (International Society for Knowledge Organization) ƙungiya ce ta ƙasa da ƙasa ta masanan da ke nazarin yadda ake karkasa ilimi da tsara shi, kama daga lambar da ake liƙa wa bayan littafi a laburare har zuwa jerin kalmomin da ake binciko bayani da su a kwamfuta. An kafa ta a birnin Frankfurt na Jamus a watan Yulin 1989.

Asali

Uwar tafiyar ita ce Ingetraut Dahlberg (1927–2017), Bajamushiya haifaffiyar Cologne, wadda ta yi karatun falsafa. A 1974 ta fara fitar da mujallar International Classification, sannan a 1977 ita da wasu abokan aikinta suka kafa ƙungiyar masanan karkasawa ta Jamus, Gesellschaft für Klassifikation. A ƙarƙashin inuwa ɗaya aka tara ma'aikatan laburare da masu nazarin ma'anoni da kuma masana lissafi da ƙididdiga.

Zaman bai ɗore ba. Cikin shekarun 1980 masu lissafi suka yi rinjaye, tarukan suka koma kan yadda kwamfuta za ta ware bayanai rukuni-rukuni bisa alkaluma. Dahlberg kuwa ta tsaya a kan cewa kafin a jera abu a wani rukuni, dole a san ma'anarsa da dangantakarsa da sauran ma'anoni. Wannan saɓani ne ya sa ɓangarenta ya ware ya kafa ISKO. Tsohuwar ƙungiyar ta ci gaba da aikinta.

Sunan fannin, wato tsara ilimi, ana danganta shi da littattafan Henry Bliss, Ba'amurke masanin laburare, na 1929 da 1933. Dahlberg ta shugabanci ISKO har 1996, kuma a 1993 aka sauya wa mujallarta suna zuwa Knowledge Organization.

Taruka

Babban taron ISKO na farko an yi shi a Darmstadt ta Jamus a 1990. Na biyu ya gudana a Madras ta Indiya a 1992, shekarar da aka cika shekara 100 da haihuwar S. R. Ranganathan, masanin laburare ɗan Indiya wanda tsarinsa na karkasa littattafai ya yi wa Dahlberg tasiri sosai. Bayan su sai Copenhagen a 1994 da Washington a 1996.

A yau ISKO tana da rassa a ƙasashe da dama.